Kafin ka ƙyasta ashana: jagorar ƙona gona, daji da shara ba tare da taka doka ba

Daga watan Nuwamba, da zarar an kai amfani gida ciyawa ta bushe, hayaƙi yakan fara tashi a dazuzzukan Arewa, kuma ba ya yankewa sai ruwan farko ya sauka. Da fari wutar mafarauta ce da ta yara masu tonon gafiya, sai wadda ake saka wa fadama don sabon tsiro ya fito, sai ta sharar gona idan bazara ta kama. Cikin gari kuwa abin ba shi da lokaci, kowace yamma akwai jujin da ke ci a wani lungu. Yawancin masu kunnawa sun ɗauka tunda gonarsu ce ko ƙofar gidansu, babu mai ce musu don me. Akwai mai cewa. Akwai dokar tarayya, akwai ta jiha, kuma tun kafin su akwai hukuncin da malamanmu suka daɗe suna karantarwa: wanda ya kunna wuta shi ke ɗauke da ita har ta mutu, ko'ina ta je.

Waɗanda ke da magana a kan wutarka

A matakin tarayya hukumar NESREA ce ke riƙe da wannan aiki. An kafa ta a 2007, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan ƙona daji, gobarar kurmi da ƙone-ƙone a fili. Gundarinsu shi ne: ba a saka wa daji wuta sai da izini, ba a saka masa wuta don farauta, ba a banka wa shara mai hayaƙin guba wuta a sarari, kuma wanda ya saɓa yana fuskantar tara ko ɗauri ko duka biyun. Tarar kamfani ta fi ta mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba.

Sai dai manomi zai iya shekara goma a ƙauye bai ga jami'in NESREA ba. Waɗanda zai yi karo da su na jiha ne da na ƙaramar hukuma. Jihohi na da nasu hukumomin kare muhalli: Kaduna tana da KEPA, Jigawa JISEPA, Bauchi BASEPA, Gombe GOSEPA, Borno BOSEPA, Abuja kuma AEPB. A Kano akwai Ma'aikatar Muhalli da hukumar kwashe shara ta REMASAB. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, shi ya sa duba-gari ke da bakin magana a kan jujin unguwa. A karkara kuma malamin daji ne, da dagaci da hakimi.

Gandun daji hukuncinsa daban. Yankari a Bauchi yana hannun gwamnatin jihar. Kamuku da ke Birnin Gwari, da na tafkin Kainji, da Gashaka-Gumti, da na yankin tafkin Chadi na tarayya ne, kuma dokarsu ta 1999 ta hana kunna wuta a cikinsu ba da izini ba. Haka makiyayar da gwamnati ta keɓe tun dokar 1965 ta Jihar Arewa, ba gonar kowa ba ce balle ya ce zai share ta da wuta.

Idan wuta ta yi ɓarna kuma, magana ta bar hannun masu muhalli ta koma kotu. Kundin hukunta laifuka na Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya ware ɓarna da wuta a matsayin babban laifi, kuma hukuncin yana ƙara tsanani idan gida ne ko wurin ibada ko wurin ajiyar dukiya aka ƙona da gangan. A fiƙihun Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halil ya ambaci hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin abubuwan da ke wajabta wa mutum biyan abin da ya lalace. Ga kuma hadisin da kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace, cewa babu cuta babu cutarwa. Wannan ne wurin da nake so a tsaya a kai: ko da hukuma ba ta taɓa tare ka ba, ranar da wutarka ta ci rumbun wani, ba za a tambaye ka ko ka san dokar 2011 ba. Za a tambaye ka wa ya kunna, yaya iska take ranar, kuma wa ka bari yana gadi.

Mataki na farko: shin sai an ƙona?

Kafin maganar izini, zauna ka yi wa kanka lissafi. Abin da wuta ke yi wa gona ba ɓoyayye ba ne. Sinadarin naitirojin da ke cikin kara da ganye, wanda shi ne kake biyan kuɗi ka saya a buhun yuriya, kusan duka yakan bi hayaƙi. Toka takan bar ɗan fotasiyam da wasu ma'adinai, shi ya sa shuka ke yin kore shar a gurbin tsibi har mutum ya ɗauka wuta taki ce. Amma wannan tokar, iskar bazara na kwashe rabinta kafin ruwa, ruwan farko ya wanke saura zuwa kwari, a bar ƙasa tsirara tana shan rana. Jigawar da ake ƙonewa duk shekara takan koma rairayi zalla, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki.

Ga itatuwa kuma. Babban gawo ko ɗorawa kan iya jure wutar ciyawa, amma 'yan tohon kalgo da sabara da ƙananan gawo da ke fitowa daga tsohon kututture ba sa jurewa. Waɗannan 'yan toho su ne manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa rainawa tun shekarun 1980, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi, har miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa ba tare da an dasa ba. Wutar yamma ɗaya tana maida aikin shekara uku baya.

Kara kuwa yanzu kuɗi ne. Karan dawa da na gero ana danni da su, ana girki, ana yanka wa dabbobi. Harawar wake da ta gyaɗa babu mai hankalin da zai ƙona. Tattakar shinkafa ce aka fi yi wa wuta, musamman a wuraren noman rani irin su Kadawa da kwarin Haɗeja, saboda ana gaggawar gyara fili. Ita ma masu kiwo na saye, ana shimfiɗa ta a kan kwamin albasa da tumatir don riƙe laima, ana kuma zuba ta a rami da kashin dabbobi ta ruɓe ta zama taki. Tsohuwar al'adar nan ta barin makiyayi ya sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, har yau babu dabarar da ta fi ta arha. Wanda ke ƙone karansa don kawai kada shanu su samu, ya yi asarar kara, ya yi asarar taki, ya kuma ƙara wa gaba itace.

Akwai inda wuta ke da hujja. Ƙudujin da aka tumɓuke ya riga ya yi fure, tara shi a ƙona ya fi a yar da shi a gefe ya zubar da iri. Haka shukar da cuta ta kama, da karan da tsutsa ta cika, da ƙayar da ba ta da wani amfani. Duk waɗannan ƙonawar tsibi ce, ba sakin wuta a faɗin gona ba. Idan abin da ke gabanka zai taru a tsibi, to tsibi za ka yi.

Mataki na biyu: dubi abin da ke kewaye da kai

Zaga gonar da ƙafa, ka wuce iyakarta ka duba ta maƙwabta. Akwai wanda bai kwashe dawarsa ba? Akwai rogo ko rake ko lambu? Akwai harawa a kan bishiya, ko rumbu, ko rugar da aka yi da ciyawa? Idan gonarka tana jingine da gandun daji, ko burtali, ko babban titi, kada ka kunna sai ka yi magana da hukumar da ke kula da wurin. Hayaƙin gefen titi a lokacin hazo yana rufe wa direba ido, shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke gargaɗi a kai duk hunturu. Ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba wurin wuta ba ne ko kaɗan: zafi na lalata waya, kuma hayaƙi mai kauri kan iya jawo tartsatsin lantarki ya sauko. Inda aka kafa alamar bututun mai ko na gas, ka yi nisa da shi.

Mataki na uku: izini da sanarwa

Fara da na kusa. Je wurin mai unguwa ko dagaci kwana biyu ko uku kafin ranar, ka faɗa masa a gaban mutane: "Allah ya ja zamanin Dagaci, na zo in sanar ne. Ranar Laraba bayan la'asar ina so in ƙona tsibin ƙaya a gonata ta bakin rafi, ni da ƙannena uku. Na share kewaye, na kuma gaya wa maƙwabta." Magana ce ta minti biyu, amma ranar da wani abu ya faru ita ce shaidarka ta farko.

Daga nan sai maƙwabtan gona, kowa da kansa, ba saƙo ta bakin yaro ba. Idan akwai ruga kusa, taka ka je: "Ardo, barka da hutawa. Laraba da yamma zan sa wuta a gona, don Allah a ja wa yara kunne kada su bi da shanu ta gabas." Sau da yawa maƙwabci zai ce bari ya kwashe karansa tukuna, ko ya ce zai zo ya taya ka. Duka biyun alheri ne.

Idan ƙonawar ta wuce 'yan tsibi, wato fili ne babba, ko saura ce da za a buɗe, ko gonar kamfani ko ta ƙungiya, to sai takarda. Je sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukumarku, su ne za su nuna maka ko izinin a wurinsu yake, ko a ma'aikatar muhalli ta jiha, ko a ofishin NESREA da ke jihar. Tsarin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, wasu ƙananan hukumomin ma suna da nasu dokokin na cikin gida. A takardar neman izinin ka rubuta sunanka, inda filin yake da girmansa, abin da za a ƙona da dalili, rana da lokaci, yawan mutanen da za su tsaya, da irin sharar da ka yi a kewaye. Ka riƙe kwafi mai hatimi. Idan an ce ka biya wani abu, ka karɓi rasit. Idan an gindaya sharaɗi, kamar a jira malamin daji ya zo ya duba, ka jira, domin izinin da aka saɓa wa sharaɗinsa daidai yake da babu.

Mataki na huɗu: share hanyar tare wuta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ha'inci. Hanyar tare wuta fili ne da ake sharewa kewaye da inda za a ƙona, a kankare shi da fartanya har ƙasa ta fito fes, babu ciyawa babu ganye babu kashin shanu. Sassabe kawai bai isa ba, domin wuta na bin guntun ciyawa ta tsallaka a hankali ba ka lura ba.

Ga gona mai guntun kara da gajeriyar ciyawa, kada faɗin ya gaza mita 3. Inda gamba ta fi mutum tsayi, ninka shi, ka kuma sassabe gambar da ke bakin layin ka ja ta ciki, don harshen wuta kan kwanta da iska ya kai ninkin tsayin ciyawar. Ɓangaren da iska ke nufa shi ya fi buƙatar faɗi. A makiyayar Nijar, inda wuta kan yi tafiyar kilomitoci, hanyoyin da ake sharewa bayan damina kan kai mita 15 zuwa 20.

Abin da ka kankare, ja shi cikin filin da za a ƙona, kada ka tara shi a waje. Kowace bishiyar da kake so ta rayu, share gindinta. Tsibi kuma a yi su ƙanana, kada su wuce ƙugu, a tsakiyar gona, nesa da inuwar bishiya da danni, kowanne da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Mataki na biyar: zaɓen rana da lokaci

Tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi haɗari. Iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, ta bushe ƙamas, ciyawa kuma ko tartsatsi ya taɓa ta sai ta kama. Idan aikin zai iya jira, ya jira. A bazara matsalar guguwa ce. Da tsakar rana za ka ga ta taso daga gefen gona tana juya ganye da ƙura, ta bi ta kan tsibin da ke ci, ta ɗauki garwashi da karmami mai wuta ta yi sama da su, ta je ta zubar bayan layin da ka sha wahalar sharewa. Gab da faɗuwar damina kuma iskar hadari kan taso ba sallama, ta juya wuta inda ba a zata ba. Idan ka ga hadari ya haɗu a gabas, fasa.

Lokaci biyu ne masu dama: bayan asuba kafin hantsi, da bayan la'asar idan rana ta yi sanyi iska ta kwanta. Na fi son na la'asar, saboda kowane minti da ya wuce yanayi na ƙara sanyi ne, yana taimakonka. Na safe kuwa idan aiki ya ja, rana da iska za su same ka da wuta a hannu. Sharaɗin la'asar ɗaya ne, a gama kafin duhu. Ka saurari hasashen yanayi na hukumar NiMet a rediyo, sannan a bakin gona ka ɗebi ƙasa ka sake ta daga tsayin kafaɗa. Idan ta zuba kusa da ƙafarka, bismilla. Idan iska ta yi gaba da ita, koma gida. Sanarwar da ka yi ba ta tilasta maka kunnawa ba.

Mataki na shida: kunnawa

Kada mutum ɗaya ya yi wannan aiki, kada kuma a bar wa yara. Manya uku ko huɗu ga ƙaramar gona, kowa da fartanya ko shebur da ɗanyen reshen darbejiya na bugun wuta. A kawo jarkokin ruwa. Injin feshi na goyo, idan an wanke shi sarai an cika shi da ruwa, yana kashe wutar ciyawa fiye da bokiti goma. A sa tufafin auduga da takalmi rufaffe, domin yadin roba da silifas narkewa suke su manne a fata. Fetur kuma kada ya zo wurin. Tururinsa ke kamawa kafin ruwansa, kuma mai riƙe da galan shi yake fara samu.

Idan tsibi ne, ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda ke can ƙarshen da iska ke nufa. Sai ya cinye ya zama garwashi a kunna na gaba.

Idan fili ne, ka'idar da ba a saɓawa ita ce a sa wuta ta yi tafiya tana fuskantar iska. Tsaya a bakin layin da ke ɓangaren da iska ke nufa, ka kunna a nan, wuta ta riƙa rarrafowa baya a hankali tana cin ciyawa. Harshenta gajere ne, ana iya tsayawa kusa da ita. Idan ta ci wuri mai faɗi ta bar baƙin fili, layinka ya ƙaru ke nan, sai a bi gefe da gefe. Wanda ya kunna daga bayan iska don a gama da wuri, ya saki abin da ba zai iya kamawa ba. A gangare kuma daga sama ake farawa, domin wuta ta fi gudu idan tana hawa. Mutum ɗaya aikinsa kawai ya juya wa wutar baya ya zuba ido a wajen layi, yana neman inda tartsatsi ya faɗa. Kowa ya san ta inda zai fita tun kafin a fara, kuma wurin da ya riga ya ƙone shi ne mafaka mafi kusa.

Mataki na bakwai: kashe ta har ta mutu

Gobarar gona da yawa ba lokacin da ake tsaye take tashi ba, sai bayan an tafi sallar magariba an ce ai ta mutu. Busasshen kashin saniya kan riƙe wuta a cikinsa sa'o'i, daga waje baƙi ƙirin, ka fasa shi da fartanya ka ga ja a tsakiya. Ruɓaɓɓen kututture kan kwana biyu yana ci ta ƙarƙashi, yana bin saiwa. Tsibin ƙaiƙayi da ɓuntun shinkafa sun fi kowa wannan hali. Saboda haka a baje kowane tsibi, a yayyafa ruwa, a juya, a rufe da ƙasa. Kara bayan hannunka kusa da tokar, idan ka ji ɗumi ba a gama ba. Washegari da sassafe ka dawo ka sake zagawa kafin iska ta tashi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari sai ya ce wannan wuta abokiyar gabarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta.

Idan ta ƙwace

Yi kururuwa tun tana ƙarama, kada kunya ta sa ka yi shiru kana fama kai kaɗai. A kira lambar gaggawa ta 112 da ta hukumar kashe gobara ta jiha, wadda ya kamata tana cikin wayarka tun kafin ranar. A tura mai babur ya sanar da gidaje da rugagen da ke gaban wutar, a fitar da yara da tsofaffi da dabbobi. Ba a tarar wuta ta gaba. Ta gefe ake bugunta ana matse ta, wasu kuma su yi gaba can nesa su share sabon layi. Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi asibiti. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai. Bayan an kashe, kai da kanka ka je wurin dagaci ka faɗi abin da ya faru. Wanda ya kai kansa ana sulhu da shi, wanda aka nemo kuwa sai a kotu.

Cikin gari: juji, leda da taya

Nan ba a maganar izini, domin babu hukumar da za ta ba ka takardar ƙona shara a lungu. Sharar yau ba irin ta da ba ce. Ledar fiya wata ce, da robar lemo, da famfas, da tsohon batir, da gwangwanin maganin sauro mai fashewa idan ya ji zafi. Robar bututun ruwa da rigar wayar lantarki idan suna ci suna fitar da guba mai suna dayoksin, wadda ke taruwa a jiki tana da alaƙa da ciwon daji, kuma tana cikin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa ƙasashe su rage. Hayaƙin yakan kwanta a unguwa da daddare lokacin sanyi, ya shiga ɗakin mai asma da na jariri. Masu ƙona waya don cire tagulla, da masu babbaka da taya a mahauta ko ranar layya, su sani baƙin hayaƙin nan yana shiga huhunsu, yana kuma manne wa naman da za a ci. Itace ko gas ya wadatar.

Abin yi a gida mai sauƙi ne. Ware ƙarfe da roba da kwali, 'yan gwangwan na saye. Ɓawon kayan miya da sauran abinci na dabbobi ne ko ramin taki. Ragowar a ɗaure a ba masu kwasa ko a kai inda hukuma ta ajiye. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, kuma ranar kwashewa ce, bai kamata ta zama ranar da kowane layi ke tashin hayaƙi ba. Masu shayi, masu tsire, masu gadi da ke jin ɗumi da dare, wutarsu ta zauna cikin murhu ko kasko, nesa da rumfa da janareta, a kashe ta da ruwa kafin a tashi.

Idan maƙwabci ne ya addabe ku da hayaƙi, fara da sallama a ƙofar gidansa. Idan bai ji ba sai mai unguwa, sannan duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, wanda ke da ikon ba shi takardar gargaɗi ya kuma kai shi kotu idan ya ƙi. Idan masana'anta ce ko asibiti ke ƙona shara a fili, a rubuta wa hukumar muhalli ta jiha da NESREA, mutanen unguwa su sa hannu, a haɗa da hotuna masu kwanan wata.

'Yan'uwa da ke Nijar, dokar gandun daji ta 2004 ce ke aiki a kanku, kuma jami'an kula da dazuzzuka ne ake tuntuɓa. A Ghana, bayan mummunar gobarar dajin 1983, an yi dokar hana ƙona daji a 1990, wadda ta tanadi 'yan sa-kai na kashe wuta a garuruwa.

Idan wutar wani ce ta shigo maka

Kada ka rama, kada kuma ka taɓa wurin kafin a gani. Ɗauki hoto da bidiyo tun toka na da ɗumi, ka bi sawun wutar baya har inda ta taso, domin ɓangaren kututture da kara da ya fi ƙonewa yana taimakawa wajen gane ta inda ta biyo. Kira shaidu biyu manya waɗanda ba 'yan gidanku ba. Sanar da mai unguwa ko dagaci a ranar, ka nemi malamin gona ya zo ya ƙiyasta asarar a rubuce: dami nawa, buhu nawa, bishiya nawa da shekarunsu, a kan farashin kasuwar wannan makon. Yawancin irin wannan magana a zauren dagaci ko na hakimi take ƙarewa, kuma ya fi sauri ya fi arha. Idan an daidaita, a rubuta adadin da ranar biya, ɓangarorin biyu da shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Idan sulhu ya ƙi, ko an rasa rai, ko akwai alamar ganganci, sai a kai rahoto ofishin 'yan sanda, daga nan zuwa kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci, ka tafi da hotunan, da takardar malamin gona, da shaidunka.